Leɓen Kanta

Sana'ata zuba kankare ce, kuma abin da aka fi kirana a kansa shi ne kantar kicin, wato teburin simintin nan da mata ke yanka albasa a kai, a ɗora murhun gas, a binne kwanon wanke-wanke a gefe guda. Daga Bekaji har Sangere, a nan ƙasar Yola, akwai gidaje da yawa da in na leƙa kicin ɗinsu zan gane hannuna, ko da an bi shi da tayil. Abin da ya sa ake nemana kuwa leɓe ne. Mai gida zai shigo ya ga kanta mai kaurin inci huɗu da rabi, baki a goge sumul, ya buga da tafin hannu ya ce, “Kai, wannan ai har jikoki.” A da sai in yi murmushi in yi shiru, alhali na san kaurin nan a baki kawai ya tsaya.

Yadda ake yinsa ba wani sirri ba ne. Bayan an gina ƙafafun bulo, sai a shimfiɗa katako a tsakaninsu, a tokare shi da sanduna daga ƙasa. Amma shimfiɗar ba za ta kai har gaba ba. Ana barin rata kamar faɗin yatsa uku, a sauke wani siririn katako ƙasa da inci biyu da rabi, a kafa allon gaba ya tare. Ka ga an sami ɗan kwatami ke nan a tsawon bakin. In aka zuba kankare zai fara cika kwatamin, sannan ya bazu a kan shimfiɗar, inci biyu kacal. Wahalar aikin duk tana cikin kwatamin nan. Sai ka tace ƙananan tsakuwa, ka shafa wa allon baƙin mai don kada siminti ya kama shi, ka lanƙwasa ragar waya ta sauka ciki don kada leɓen ya rabu da jikinsa. Sannan ka bi allon da guduma kana bubbugawa a hankali har iskar da ta maƙale ta fito, in ba haka ba ranar cire katako za ka tarar da baki duk ramuka kamar saƙar zuma. A rufe da jiƙaƙƙun buhuna, a yi ta ban-ruwa, a cire katako, a goge da dutse. Wanda ya tsaya a gaba zai rantse dunƙule guda ne.

Har yau ba na kiran wannan zamba. Kanta ba gada ba ce, inci biyu sun ishi tukunya da faranti, kuma mutane na son abu mai cika ido. Sai dai yanzu ba na barin gidan da na yi aiki sai na kama hannun mai gida na cusa shi ƙarƙashin leɓen, ya taɓa ainihin kaurin da yatsunsa. Wasu su yi dariya, wasu su ɓata rai, wani ma ya taɓa ce mini na rage masa daɗin abin. Ko a jikina. Ba haka kawai na ɗauki wannan ɗabi'ar ba.

Yayana ne ya koya mini gini. Asalinmu Kano ne, kakanmu ya shigo ƙasar Adamawa da cokalin gininsa, amma mu a Mubi aka haife mu, kuma kamar kowa a can, Hamma nake ce masa. Hamma irin maginan nan ne da in ya zuba maka dandamalin ƙofa, sai dai gidan ya rushe ya bar shi. Ranar da ya fara ganina ina haɗa kwatamin leɓe a gidan wani malamin makaranta, ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce, “In inci biyu ne, bar shi ya nuna inci biyu.” Ni kuma lokacin jinina na tafasa. Na ce masa zamani ya wuce shi, yana zuba kanta kamar giwa ce za ta hau kai ta yi tuwo. Ba mu yi faɗa ba, amma ba a jima ba na tattara na dawo Jimeta. Muna zumunci, muna haɗuwa da salla da suna, sai dai maganar aiki ba ta ƙara shiga tsakaninmu ba.

Da na gina ɗan gidana a Bekaji, ɗaki biyu da falo, sai na ce a kicin ɗina zan nuna iyakar gwanintata. Matata 'yar cikin garin Yola ce, Fulatanci ta tashi da shi, Hausarta ta kasuwa ce da wadda ta tsinta a bakina, shi ya sa a maganarta kowa “shi” ne, mace ko namiji. Ta ce tana son fili a ƙarƙashi don tukunyar gas da bokitan ruwa. Sai na cire ƙafar tsakiya gaba ɗaya. Tazarar ƙafa bakwai tsakanin wannan bulo da wancan, ba rodi ko ɗaya, ragar waya kawai, don in nuna cewa zan iya. A nan na yi kuskure, kuma tun a lokacin na san kuskure ne. Amma leɓen ya fito da kyau ƙwarai, har maƙwabta na turo matansu su gani.

Sai ga shekarar da Mubi ta faɗa hannun mutanen dajin nan masu bindiga. Wanda ya zauna a Jimeta a kwanakin nan ba sai an ba shi labari ba. Waya ta yi ta ƙara, kowa na tambayar nasa, motoci na shigowa da mutane har a kan rufi. Hamma sai da ya kwana biyar kafin ya iso, yawancin tafiyar a ƙasa, ta duwatsu da gonaki, har suka kai inda aka sami mota. Ya zo da matarsa da 'ya'yansa huɗu da surukarsa, da wasu maƙwabtansa da ba su san kowa a Yola ba. Muka zama mu goma sha tara a gidan. Ba mu kaɗai ba, duk layinmu haka yake.

Hamma ya zo ba ko cokalin gini. Ya sami gindin dalbejiyar ƙofar gida ya zauna, daga nan sai masallaci, daga masallaci sai nan. In ka gaishe shi ya amsa, in ka kawo abinci ya taɓa. Sau biyu ina ce masa ya zo mu je aiki ko zuciyarsa za ta sake, ya girgiza kai. Ganin mutumin da a da muryarsa ke cika wurin gini ya koma haka ya fi ƙarfina, sai na riƙa fita tun da sassafe don kada mu haɗa ido.

Autarsa shekararta bakwai a lokacin, siririya, mai manyan idanu. Bekaji ba ta da nisa da filin jirgi, kuma a kwanakin jiragen yaƙi na tashi sau da yawa a yini suna yin arewa. In suka tashi har kwanon rufi sai ya amsa. 'Ya'yana sun saba, da gudu suke fita suna ɗaga hannu. Ranar farko da jirgi ya tashi bayan zuwansu, aka nemi Auta aka rasa. Muka duba ɗakuna, muka duba banɗaki, har an fara bin maƙwabta. Matata ce ta ɗaga labulen ƙarƙashin kanta ta same ta a takure tsakanin tukunyar gas da bango, gwiwa a haɓa, hannu a kunne.

Uwarta ce ta yi mana bayani. A hanya harbi ya rutsa da su, suka shige ƙarƙashin wani kwalbati, suka zauna tun hantsi har la'asar. Ta fara faɗin abin da suka tarar a kan titi da suka fito, sai ta kasa ƙarasawa, mu ma ba mu nemi ta ƙarasa ba. Tun daga ranar yarinyar ba ta samun natsuwa sai ta ji siminti a saman kanta. Matata ta jawo tukunyar gas waje, ta kwashe bokitai, ta shimfiɗa ƙaramar tabarma. Wurin ya zama na Auta. Tun tana shiga in jirgi ya tashi, har ta koma cin abinci a ciki, barcin rana ma a ciki. Ina jin kunyar faɗa, amma a lokacin har wani daɗi na ji, wai duk faɗin gidan aikin hannuna ta zaɓa.

Mutane sun yi ƙoƙari a shekarar, Allah Ya saka musu. Masallacin unguwa ya aiko da masara, dangin matata daga Yolde Pate suka kawo dawa da wake. To, ina za a ajiye? Ƙasa duk shimfiɗar mutane ce, ga ɓeraye. Matan Mubi suka dubi kantata, suka ga baki mai kauri, suka kuma san ƙanin wane ne ya zuba ta. Su da suka saba da kantocin Hamma, waɗanda ake hawa a gyara ƙwan lantarki, me zai sa su yi shakka? Suka jera buhu uku a tsakiya, suka ɗora babbar tukunyar biki, ga jarkokin ruwa biyu. Surukar Hamma, da yake bayanta ba ya son sunkuyo, ta ɗora ƙaramin turmi a gefe tana daka yaji a tsaye. Duk wannan, Auta na ƙasa.

Na gani da idona. Abin da na iya cewa kawai shi ne, “A ɗan rage kaya a nan,” shi ma ciki-ciki, ina wucewa. Ba wadda ta kula, don ba wurin da za a kai su. In ina son a ji ni, sai na faɗi dalili, kuma in na faɗi dalili zai fita har gindin dalbejiya. Na riƙa gaya wa kaina cewa don yarinyar nake shiru, kada in raba ta da wuri ɗaya tak da take jin tsira. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Babban abin shi ne ban so Hamma ya san maganarsa ta tabbata a cikin gidana ba.

Wata safiya na shiga ɗebo ruwan alwala, na ga tsaga. Siririya ce kamar gashi, ta taso daga kusurwar ramin kwanon wanke-wanke ta nufi tsakiya. Na ciro fensir daga bayan kunne na yi ɗan layi a inda ta tsaya. Bayan kwana biyu na dawo, ta wuce layin da gaɓar yatsa guda. Ina sunkuye ina kallo sai na ji matata a bayana.

“Me kake dubawa kullum a wurin nan?”

Na ce, “Ba komai.”

“Ba komai ne ya sa ka zana da fensir? Yarinyan nan yana wuni a ƙasa, ka sani ko? In abin nan zai faɗi, ka gaya min.”

Maimakon in amsa mata sai na hau ta da faɗa. Na ce ni na zuba, ni na san ƙarfin abina, ta tsaya a kan tukunyarta. Na ɗauki jakata na fita. Ranar ina da aiki a Sangere, ɗakunan ɗalibai ne ake ginawa. Na kwaɓa siminti na bar shi ya sha iska, na auna katako sau uku ina mantawa. Duk wayar da ta yi ƙara a wurin, ko ba tawa ba ce, sai in ɗauka daga gida ake nemana. Kafin azahar na kasa daurewa, na wanke hannu na tari keke na koma gida.

Gindin dalbejiya ba kowa. Na shiga, na tarar da Hamma a cikin kicin. Wanda ya san mu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yayan miji ba ya shiga kicin ɗin matar ƙaninsa, kuma matata tun da aka kawo ta ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, in za ta gaishe shi daga nesa take durƙusawa, kai a ƙasa. Daga baya na ji cewa bayan fitata ta yafa mayafi, ta je ta durƙusa a bayansa, ta faɗa masa abin da ta gani ba tare da ta ɗago ba. Ta ajiye kunyar shekara goma sha ɗaya saboda 'yar da ba ita ta haifa ba, ni kuwa na kasa ajiye girman kai na kwana biyu.

Hamma yana durƙushe, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin leɓen yana shafawa. Auta na waje wurin masu wanki. Ya bi tsagar da farce har inda ta tsaya, ya ga layin fensir ɗina.

“Rodi nawa?”

Na ce, “Babu. Raga ce.”

“Ƙafa bakwai?”

“Bakwai.”

Na tsaya ina jiran faɗan da na shekara da shekaru ina tanadar wa amsa. Sai ya sake shafa bakin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya ce, “Leɓen ya yi kyau. Babu rami ko ɗaya.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ji idona ya ciko, na juya ina kallon bango.

Daga nan ya shiga bayani, da muryarsa ta wurin gini wadda ban ƙara ji ba tun zuwansa. Ya ce ba za a fasa ba, don ba inda mata za su yi girki. A sauke kaya, a tokare ta da sanduna daga ƙasa, a sassaƙe bango a dasa rodi, a zuba sabon kankare inci uku a kanta, wanda zai ɗauki kansa ya ɗauki tsohon. Sandunan kuma ba za su motsa ba sai bayan sati uku. Ya tambaye ni ko ina da cokali na biyu. Na ce ina da shi.

Haka kuwa muka yi, ni da shi, kuma daga wannan aikin ya fara bina wurin gini har lokacin da hanya ta buɗe suka koma Mubi. Kantar na nan har yau, ta fi ƙa'ida tsawo, matata sai ta taka ɗan katako take tuƙa tuwo, kuma ba ta fasa yi mini gori a kai ba. Amma a ranar, kafin a ɗauko ko sanda ɗaya, akwai abin da ya rage. Sati uku ƙarƙashin kanta zai cika da sanduna, ba wurin tabarma.

Na ce, “Wa zai gaya wa Auta?”

Ya ce, “Kai ka zuba.”

Mata suka fara kwashe kaya. An sauke tukunya da jarkoki da buhu ɗaya, aka tsaya ana neman inda za a tura sauran a ɗaki. Ana cikin haka Auta ta shigo, hannunta duk kumfar sabulu. Ta ga maza a kicin, ta ga ana taɓa wurinta, ba ta tambayi kowa ba ta wuce ta shige ta zauna a kan tabarmarta. Na durƙusa a bakin labulen. Na riga na shirya ƙarya, zan ce fenti za mu yi, wari zai dame ta. Amma ubanta na tsaye a kaina, kuma na gaji da kaina.

Na ce, “Auta, ki saurare ni. Kantar nan ba ta da kauri kamar yadda ake gani. Bakin ne kawai. Ni na yi ta haka, kuma ta fara tsagewa. Za mu gyara, amma sai kin bar shiga na wasu kwanaki.”

Ta dube ni da manyan idanun nan, ta ce, “Ai na sani, Bappa.”

Ta ɗaga hannu ta nuna ramin da bututun famfo ya ratsa. “Ta nan ake gani. Yatsuna uku ne. In Kaka tana daka ma yashi na zubo mini a kai.”

Ban taɓa tunanin wannan ba. Kowa a gidan daga gaba yake kallon kantar, ita kaɗai ce ta yi makonni tana kwance tana kallonta daga ƙasa. Na ce, “To, kin sani, me ya sa kike shiga?”

Ta ce, “Ko'ina rufin kwano ne. Nan ne kawai siminti.”

A daidai nan jirgi ya taso. Ƙarar ta faro daga nesa, rufi ya fara kaɗawa, cokula na rawa a cikin kwando. Ta toshe kunnuwa ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. Buhu biyu na nan a samanta ba a kai ga saukewa ba. Sai na ga Hamma ya zube a gefena, ya miƙa hannu biyu ya wuce leɓen, ya tallafi kantar can ciki inda take siririya. Ni ma na sa nawa kusa da nasa. Mu biyu magina ne, mun san ƙarar jirgi ba ta karya kankare, mun kuma san in ta tashi karyewa hannu huɗu ba za su hana ta ba. Muka riƙe duk da haka, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ƙarar ta yi arewa, ta ragu, ta ɓace, ba wanda ya motsa a cikinmu. Sai da ta ɗago kai ta ce, “Baba, ya wuce,” sannan muka saki.